Filin wasan Dortmund: tikiti mai araha, amma samunsa sai mai rabo

Duk wanda ya saba zama gidan kallon ƙwallo ranar Asabar ya san hoton nan: kyamara ta juya bayan raga, sai ka ga mutane tsaye tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowa cikin riga ruwan ɗorawa, ba masaka tsinke. Wannan shi ne ɓangaren kudu na filin Borussia Dortmund, wanda Jamusawa ke kira Gelbe Wand, wato bango ruwan ɗorawa. Mai kallo daga nesa yakan tambayi kuɗin shiga, kuma amsar tana da daɗin ji. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda za a samu tikitin, domin kulob ɗin ya gama raba yawancin filin tun kafin a buga wasan farko na kaka.

Filin yana kan titin Strobelallee, jikin tsohon filin Rote Erde inda kulob ɗin yake wasa a da. An buɗe shi a watan Afrilun 1974 saboda gasar cin kofin duniya ta shekarar, yana ɗaukar mutum 54,000, kuma a nan ne Zayar, wato Kwango-Kinshasa ta yanzu, ta buga wasanta na farko na gasar da Sikotilan. A nan kuma Burazil ta fitar da Gana da ci 3-0 a gasar cin kofin duniya ta 2006. Sunansa na asali Westfalenstadion. A ƙarshen 2005, lokacin da bashi ya kusa durƙusar da kulob ɗin, aka sayar wa wani kamfanin inshora haƙƙin sunan, ya koma Signal Iduna Park, ko da yake tsofaffin magoya baya har gobe ba su daina kiransa da tsohon suna ba. An yi ta faɗaɗa shi a hankali: aka ƙara wa ɓangaren kudu tsawo a ƙarshen shekarun 1990, aka cike kusurwoyi huɗu a 2003, aka kafa dogayen ginshiƙan ƙarfe guda takwas masu launin kulob ɗin da ke riƙe da rufin.

A yau yana ɗaukar mutum 81,365, babu wanda ya kai shi a Jamus. Filin Bayern da ke Munich 75,000 yake ɗauka. Amma wannan adadi na 81,365 yana da sharaɗi, sai an haɗa da masu tsayuwa. Ɓangaren kudu kaɗai na cin mutum 24,454 a tsaye, kuma akwai wasu wuraren tsayuwa a ɓangaren arewa. Idan wasa ne da doka ta ce kowa sai ya zauna, kamar wasan ƙasa da ƙasa, ana kafa kujeru a kan matakalan, adadin ya sauko zuwa 66,099. Mutum sama da 15,000 ke nan suka rasa wuri saboda kujera kawai. Shekaru da dama haka ake yi a wasannin zakarun Turai, sai a kakar 2022/23 hukumar UEFA ta ba da damar gwada tsayuwa a Jamus da Ingila da Faransa. Tun daga nan ne Dortmund ke buga wasannin Turai da filinta a cike kamar na Bundesliga, babbar gasar lig ta Jamus.

Matsakaicin 'yan kallon kulob ɗin a kaka ya kan haura 81,000, abin da ke sa shi kan gaba a Turai kusan kowace shekara. Sai dai a yi hattara da wannan adadi da ake shelantawa a lasifika. Tikitin da aka sayar ake ƙirgawa, ba ƙafar da ta ratsa ƙofa ba. Mai tikitin kaka da ya yi zamansa a gida ranar da ake ruwan sanyi, an ƙirga da shi. Shi ya sa wani lokaci za a ce an sayar da tikiti kaf, amma kyamara ta nuna maka kujeru a buɗe nan da can a ɓangaren gabas ko yamma, musamman idan ƙaramin kulob ne ya zo wasan dare a tsakiyar mako. A bangon kudu ba a cika gane giɓin ba, tunda masu tsayuwa suna bazuwa su rufe shi.

Yanzu ga lissafin da ya kamata duk mai niyyar zuwa ya yi kafin ya sayi tikitin jirgi. Daga cikin 81,365, kulob ɗin yana sayar da 55,000 a matsayin tikitin kaka, wanda ke shigar da mai shi wasannin gida 17 na Bundesliga. Da gangan ya tsayar da adadin a nan. Da ya so, da ya sayar da filin duka a haka, don masu nema sun fi ƙarfin wurin. Saura 26,365. Dokar Bundesliga ta ce a ware wa baƙi kashi 10 cikin 100 na filin, wato wajen mutum 8,000, kuma kulob ɗin baƙin ne ke sayar wa magoya bayansa. Saura wajen 18,000. A cikin wannan ma akwai rabon kamfanonin da ke ɗaukar nauyin kulob, da ƙungiyoyin magoya baya masu rajista, da iyalan 'yan wasa da ma'aikata. Abin da ya rage shi ne mambobi za su yi wawaso a kai, kuma mambobin Dortmund sun haura 200,000. Ko da an cire waɗanda ke riƙe da tikitin kaka a cikinsu, kowace kujera ɗaya tana da masu nema da yawa. Wanda ba mamba ba sai ya jira abin da ya faɗo daga hannun mambobi, idan ya faɗo.

Shi tikitin kakar kuwa, a cire rai. Masu shi suna da damar sabuntawa kowace shekara, kuma waɗanda ke sakinsa 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Jerin masu jira ya yi tsawon da har kulob ɗin ya daina karɓar sababbin sunaye. Abin ya zama kamar rumfa a tsohuwar kasuwa, wadda ba a ganin an sa ta a talla sai dai a ji ta koma hannun ɗan gida. Kulob ɗin ya yi ƙoƙarin taɓa wannan matsala ta hanyar gindaya cewa wanda ya riƙe tikiti ba ya zuwa, ba ya kuma bai wa wani ya shiga da shi, zai iya rasa shi. Matakin ya yi daidai, amma wuraren da yake 'yantowa ba su taka kara sun karya ba idan aka dubi tsawon layin.

Farashi, a kakannin baya-bayan nan, ga yadda yake: tikitin tsayuwa na wasa ɗaya a Bundesliga bai kai Yuro 20 ba ga babba. Tikitin kaka na tsayuwa wajen Yuro 250 ne, idan ka raba shi gida 17 kowane wasa ya tashi kusan Yuro 15. Kujeru suna farawa daga Yuro talatin da wani abu a can sama bayan raga, su kai saba'in da wani abu a tsakiyar ɓangaren gabas da yamma. Yara da naƙasassu suna da ragi. Ana ɗan ƙara kuɗin kusan kowace kaka, manyan wasanni kuma irin na Bayern ko na zakarun Turai sun fi tsada. Ga wanda ya san abin da ake biya a manyan filayen Landan, wannan kamar kyauta ce, ga shi kuma tikitin ya haɗa da kuɗin jirgin ƙasa da bas na VRR, wato hukumar sufurin yankin da Dortmund take ciki, zuwa da komowa a ranar wasan.

Wannan araha ba daga tausayin shugabannin kulob ta fito ba. Dokar 50+1 ta Jamus ta tanadi cewa mambobi ne ke da rinjayen ƙuri'a a kan harkar ƙwallon kulob. Dortmund ta shiga kasuwar hannun jari tun shekarar 2000, amma kamfanin da ke tafiyar da ita yana hannun ƙungiyar mambobi, saboda haka shugaban da ya tsawwala wa masu tsayuwa zai haɗu da su a babban taron shekara. Su kansu magoya bayan ba kanwar lasa ba ne. A 2010 suka ƙaurace wa wasan hamayya da Schalke a gidanta na Gelsenkirchen saboda tikitin tsayuwa a can ya haura Yuro 20, suka kafa kamfen mai suna Kein Zwanni, ma'ana ba za a biya ashirin don tsayuwa ba. A Fabrairun 2016 a Stuttgart, a wasan kofin ƙasa, sun ƙi shiga farkon wasan, da suka shiga kuma suka yi ta jefa ƙwallayen tanis cikin fili har aka dakatar da wasa, duk a kan tsadar tikiti. Ingila ta bi wata hanya dabam: bayan turmutsitsin filin wasa na Hillsborough a 1989 da ya yi sanadin rasuwar mutum 97, aka wajabta kujeru a manyan filayenta, wurare suka ragu, kuɗi ya yi sama. Jamus ta riƙe wuraren tsayuwarta, ta raba su gida-gida da shingayen ƙarfe da ƙofofi dabam-dabam.

To, ko zama mamba na da amfani? Kuɗin bai da yawa, Yuro sittin da 'yan kai a shekara ga babba, kuma ba sai mazaunin Jamus ba. Abin da yake ba ka shi ne ƙuri'a a taron kulob, da mujallar mambobi, da damar shiga zagayen sayar da tikiti kafin a buɗe wa kowa. A lura da kalmar dama. Katin mamba ba ya ajiye maka kujera, ba ya ba ka wani layi naka a filin. Ƙofar shago kawai yake buɗe maka da wuri, tare da wasu dubban mutane masu irin katinka. A wasa da ƙananan kulob a lokacin sanyi, mamba mai saurin hannu yakan samu. A wasan Bayern, ko zagayen sili-ɗaya-ƙwale na zakarun Turai, katin ba ya hana ka tashi hannu rabbana, domin a wasannin kofi masu tikitin kaka ne ke da haƙƙin fara karɓar wurarensu. Ga wanda zai je Dortmund sau ɗaya a rayuwarsa, biyan kuɗin mamba caca ce mai sauƙin asara. Ga wanda ke zaune a Jamus ko Holan ko Beljiyam yana son wasa uku ko huɗu a kaka, kuɗin ya biya kansa.

Yadda sayen yake a aikace: ana yin komai ne a shagon tikiti na shafin kulob ɗin. A buɗe asusu tun kafin ranar, a haɗa lambar mamba da asusun, a tabbatar katin banki yana biyan kuɗin waje. Wannan na ƙarshen shi ne ke kayar da mutane da yawa masu katin bankin gida, domin kujerar da ka zaɓa tana zaune a kwandonka na 'yan mintoci ne kawai. Idan bankin ya ƙi, ko saƙon lambar sirri ya makara, ta koma hannun wani. Kulob ɗin yana sanar da rana da sa'ar da za a fara sayarwa. A shiga kafin lokacin, za a jefa ka cikin layi na intanet, kada ka rufe shafin ko ka yi ta sabunta shi. Idan layi ya zo kanka, kada ka tsaya zaɓen kujera mai kyau, ka ɗauki wadda ta samu. Masu neman kujeru uku ko huɗu jere da juna su ne suka fi tashi a tutar babu. Kujera ɗaya tilo ta fi sauƙin samu nesa ba kusa ba.

Idan wannan zagaye ya wuce ka, akwai ƙofofi biyu da suka rage, kuma su ne mafi amfani ga baƙo. Ta farko ita ce kasuwa ta biyu ta kulob ɗin, Zweitmarkt, inda mai tikitin kaka da ba zai samu zuwa ba yake mayar da wurinsa a sayar a kan farashi na hukuma. Tikiti na fitowa ɗaya-ɗaya, ba su da lokaci, amma sun fi yawa a kwana biyu ko uku na ƙarshe, lokacin da mutane ke gane cewa ba za su samu zuwa ba. Sai an yi naci ana leƙawa. Ta biyu ita ce rabon baƙi. Kulob irin su Hoffenheim ko Wolfsburg ba su da magoya baya 8,000 da za su bi su tafiya, sai su mayar da abin da ba su sayar ba, Dortmund ta sake sa shi a kasuwa. Wanda ya zaɓi irin waɗannan wasanni ya fi kowa wayo, tunda bangon kudu yana rera waƙarsa ko da wa ake karawa.

Kasuwar bayan fage ita ce babban rami. Shafukan da ke fitowa a saman sakamakon bincike suna tallar tikitin tsayuwa na Yuro 20 a kan ninki biyar ko goma. Ƙa'idar kulob ta haramta sayar da tikiti don riba, kuma idan ya gano, yana toshe lambar. Sai ka isa bakin ƙofa na'ura ta ƙi buɗewa, ba kuma wanda zai saurare ka. Akwai wasu tarkuna uku da ake yawan faɗawa. Wani tikitin na ragi ne, kamar na yaro, kuma ana iya neman shaida a ƙofa. Wani na ɓangaren baƙi ne, inda ba za a bar ka ka shiga da rigar Dortmund ba. Wani kuma hoto ne ko takarda da aka sayar wa mutum biyar, wanda ya riga shiga shi ya ci. Ga mai kuɗi da ba ya son wannan wahala, kulob ɗin da kansa yana sayar da kujerun alfarma haɗe da abinci. Ɗaruruwan Yuro ne, amma halastattu ne kuma sun fi samuwa.

Wani abin da ke ɓata wa matafiyi lissafi shi ne jadawali. Idan aka fitar da shi a farkon kaka, ƙarshen mako kawai ake nunawa. Hukumar gasar, DFL, tana tsayar da ainihin rana da sa'a ne 'yan makonni kafin wasan, saboda talabijin da wasannin Turai. Wasan da kake zaton na Asabar ƙarfe uku da rabi ne zai iya komawa daren Juma'a ko yammacin Lahadi. Wanda zai taso daga Kano ko Yamai ko Kumasi da bizar Shengen mai ƙayyadaddun kwanaki ya tsara zamansa daga Alhamis zuwa Litinin, ko ya jira a tsayar da rana kafin ya biya jirgi.

Batun inda za a zauna ko a tsaya, nan ma akwai magana. Bangon kudu an raba shi gida-gida da lambobi, 10 zuwa 15 a ƙasa, 80 zuwa 84 a sama. Lamba 12 da 13 su ne tsakiyar wuta, inda ƙungiyoyin 'yan gani-kashe-ni irin su The Unity ke tsayawa da ganguna da manyan tutoci. Tikitinka gida kawai yake nunawa, ba wurin tsayuwa ba, amma kowane matakala yana da mutanensa da suka shekara goma ko ashirin suna tsayawa a nan, baƙo ya zo da wuri ya kuma san yadda zai raɓa. Tutocin suna kare rabin fili, ba a kuma ce wa mai tuta ya sauke. Ba a son mai ɗaga waya yana ɗaukar fuskokin mutane. Rigar wani kulob haramun ce a wurin. Sannan idan aka ci ƙwallo, kofunan giya sama suke tashi, duk wanda ke ƙasa sai ya jiƙe. Wanda zai yi salla da kayan jikinsa bayan wasa ya san da wannan. Tsiren da ake sayarwa a rumfunan filin, Bratwurst, yawanci naman alade ne, gara mutum ya ci abincinsa a cikin gari, inda shagunan Turkawa suke da yawa arewa da babbar tasha.

Abin da masu tallar tafiye-tafiye ba sa faɗa shi ne, wanda ke cikin bangon ba ya ganin bangon. Hoton nan da ya ja hankalinka a talabijin daga gefe ko daga ɗaya bakin ake ɗaukarsa. Kujera a ɓangaren gabas ko yamma, a kusurwar da ke kusa da kudu, ita ce ke ba ka duka biyun, ka ga wasa sosai ka kuma ga bangon yana motsi, ƙarar tana dukan ƙirjinka. Filin ba shi da hanyar tsere a kewayensa, matakalansa kuma a miƙe suke, saboda haka ko a sama can ba ka yi nisa da ciyawa ba. Illar layukan ƙarshe na sama ita ce rufin ya sauko ƙasa-ƙasa yana tare maka ganin saman ɗaya ɓangaren, ga hawan bene mai yawa ga dattijo ko mai ciwon gwiwa. Mai zuwa da yara ya nemi ɓangaren iyali.

Isa filin ba wahala. Daga babbar tashar Dortmund jirgin U45 yana kai mutane tashar Stadion a ranar wasa, akwai kuma tashar jirgin yanki mai sunan filin a bayansa. Kada a zo da jakar da ta fi faɗin takardar A4, za a hana ta shiga. A zo da kamar awa biyu kafin a take wasa, musamman mai tikitin tsayuwa. Fita ce ke da cunkoso: mutum 80,000 suna neman jirage a lokaci ɗaya, ana tare bakin tasha ana sakin jama'a kashi-kashi. Mai ƙafa lafiya ya taka zuwa tsakiyar gari, abin bai wuce minti 40 ba, sau da yawa ma ya riga na cikin jirgi isa.

A ma'aunin kuɗi da abin da ake samu, da wuya a nuna filin da ya kai wannan a manyan gasannin Turai. A ma'aunin adalci ga sabon mai zuwa, tsarin yana da rauni a fili: wurare 55,000 sun kulle a hannun waɗanda suka riga, matashin da aka haifa a Dortmund ma yana iya girma bai mallaki tikitin kaka ba, katin mamba kuma ana sayar da shi ga duk mai so ba tare da wuraren sun ƙaru ba. Kulob ɗin ba zai iya ƙara kuɗi don rage masu nema ba, mambobinsa ba za su yarda ba, kuma da gaskiyarsu, don mutanen Yuro 15 ɗin nan su ne ke yin ƙarar da ake sayar wa talabijin. Wanda yake son gani da idonsa ya zaɓi wasa da ƙaramin kulob tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya nemi kujera ɗaya a kusurwar kudu maso yamma ko kudu maso gabas, ya tanadi katin banki na biyu, ya kuma sa rigar sanyi biyu a ƙarƙashin ruwan ɗorawar.